Kamfani Zai Ɗauki Nauyi

"Wai shi saman kwano, wa yake ganinsa banda shaho?"

Ta bayan katanga Naja'atu ta ji tambayar, tana tsugune tana wanke-wanke. Mukarrama ce, maƙwabciyarsu, take tambayar mijinta. Mijin ya ci gaba da ƙwanƙwasa cokali a kwano. Naja'atu ta san da wa ake. A duk faɗin Ikara mutum ɗaya ne ya damu da saman kwano, kuma shi take aure.

Bilya ya ɗan yi zama a Kaduna yana aiki a wurin wankin mota. Ya dawo da baƙin tabarau, da takalmin ruwa mai kaiwa gwiwa, da wani tsohon injin wankin mota da ubangidansa ya gaji da kai shi gyara. Ranar da aka sauke injin a ƙofar gida, ya kira ta tsakar gida ya tsaya a gabanta, hannu a ƙugu.

"Naja, dubi garin nan da kyau. Ana wanke mota, ana wanke babur, har rago ana yi wa wanka in Sallah ta matso. Amma rufin da yake tare mana rana da ruwa, tun da aka kafa Ikara ba wanda ya taɓa ce masa sannu."

"To," in ji ta.

"Ni zan fara. Daga nan sai Kudan, sai Makarfi. Wata rana jirgin sama zai wuce, matuƙin ya leƙo ya ce, wane gari ne wannan yake kashe min ido?"

Ya sa aka rubuta a bangon zaure da jan fenti: BILYA SAMA ƘAL, MASU WANKIN RUFI. Ya ce daga ranar kowa ya kira shi Manaja. Wannan bai ba Naja'atu wahala ba, don da ma ba ta taɓa kama sunansa ba, sabon sunan ma sai ta haɗa da tsohon ta ajiye.

Ita ma ya ba ta muƙami.

"Ke ce mai karɓar koke. Kowane kamfani yana da ita. A Kaduna wata ce mai jan baki, in mutum ya zo da faɗa sai ta yi ta kallonsa har ya gaji ya tafi. Ke ko jan bakin ba kya buƙata, da ma ba kya magana."

Aikin farko a gidan Alhaji Musa mai taki aka yi shi, can bayan kasuwa. A zaure suka shirya, namiji da namiji, aka yi musabaha. Abin da Bilya bai tsaya ya tuna ba, duk da a garin aka yanke masa cibi, shi ne namiji yana da gidansa tun daga tushe har katakon rufi, amma saman kwano na mata ne. Nan suke shanya kuɓewa da tattasai da barkono da kauɗar tumatir, inda akuya ba ta kaiwa. Shi kansa Alhaji Musa tun da ya biya kafinta bai sake ɗaga kai ya dubi wurin ba. Sannan duk wanda zai hau rufi a unguwa, ko ɗan gyaran eriya ne, sai ya ɗaga murya ya ce za a hau, don matan gidajen kusa su kintsa. Bilya ya ce kamfani ba ya ihu.

Naja'atu ba ta je ba, amma kafin la'asar labarin ya iso mata ta bakuna da yawa har ta iya jera shi kamar a gabanta aka yi. Manaja ya kafa tsani daga waje, ya hau rabi, ya miƙa bakin tiyo sama da kansa ya saki ruwa tun bai ga abin da ke kan rufin ba. Tattasan Hajiya Adama, uwargidan Alhaji Musa, ya tashi kamar tsuntsaye ya sauka a gidajen maƙwabta. Barkonon ya bi iska ya iske dattawan da ke zaune a gindin darbejiya, suka tashi suna atishawa suna neman buta. Da ya gamsu, sai ya ƙarasa hawa don ya duba aikinsa. Busasshiyar kuɓewa kuwa ta sha ruwa ta tuna halinta. Taku ɗaya ya yi, takalmin ruwa ya ɗauke shi ya bi gangaren kwanon da shi a zaune, ya sauke shi cikin gida a kan randar Hajiya Adama.

Hajiya tana zaune da ɗaurin ƙirji ana yi mata tsifa. Ta dubi randar, ta dubi mutumin da ke zaune a cikin fasassunta.

"Salamu alaikum," in ji Bilya.

Da yamma ta zo sashen koke. Naja'atu ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gida da yara da gajiya, ta kawo ruwa.

"Amarya, ke ce kamfanin?"

"A'a Hajiya, ni matarsa ce."

"To da wa zan yi faɗan? Na taho da shi tun daga gida, ga shi kin ba ni ruwa."

Naja'atu ta sunkuyar da kai. Sai ga Manaja ya shigo yana ɗingishi, tabarau na nan a fuska.

"Hajiya barka da yamma. Kuɓewar nan na duba ta, da ma ta kwana biyu."

"Ta kwana biyu mana, busasshiya ce. Da hannuna na yanka ta tun kaka."

"To ai an wanke miki ita, kuma ba a caje ki ba."

"Randar fa? Ita ma wanka ka yi mata?"

"Randa ita ta shigo ƙarƙashina, Hajiya. Ni hanyata daban."

Hajiya Adama ta miƙe ta gyara gyale, ta ce bari ta je ta ji ko mai unguwa ya san hanyar da ta ratsa ta kan randarta. Jin an ambaci mai unguwa, Bilya ya ɗaga hannu ɗaya sama.

"Dakata. Kamfani zai ɗauki nauyi."

Ya shiga madafa. Ya fito rungume da randar Naja'atu, ya koma ya jawo buhun kuɓewar da mahaifiyarta ta aiko mata daga Saulawa, ya ɗora tattasanta a kai. A ranar Naja'atu ta gane inda kamfani yake ajiyar dukiyarsa. Abin da ya tsira sai garin kuɓewar da ta riga ta daka, yana cikin wata langa a ƙarƙashin gado. Ba a tambaye ta ba, ba ta faɗa ba.

Aiki na biyu a Kudan ne, gidan Malam Saminu mai noman rake. Wannan karon Bilya ya tambaya ko akwai shanya, aka ce babu. Abin da yake akwai duwatsu ne, da tsofaffin tayoyi, da wani turmi da ya tsage, duk a jere a kan kwanon da aka buga tun zamanin mahaifin Malam Saminu. Manaja ya girgiza kai, ya ce mutanenmu ba su san inda ake zubar da shara ba. Ya yi ta jefo su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, turmin ya sauka a kan fitilar babur ɗin maigidan. Sannan ya kunna inji ya bi tsatsa da ƙarfinsa. Tsatsa ta tafi. Kwaltar da aka lilliƙe huji da ita shekara da shekaru ita ma ta bi ta.

A cikin ɗakin, tsohuwar Malam Saminu tana kwance tana hutawa. Ta buɗe ido ta dubi sama, ta ce a tara mata 'ya'yanta ta yi musu wasiyya, don ta fara ganin taurari da rana tsaka.

Bayan kwana biyu iskar da ke zuwa gaban damina ta taso, ta iske ba dutse ba taya, ta kwashi rabin rufin ta kai cikin gonar rake.

Malam Saminu ya zo Ikara a kan babur marar fitila. Ya yi sallama, ya ce an ce akwai mai karɓar koke. Namiji ba zai shiga gidan mutum ba, ita kuma ba za ta fito ba, sai ta tsaya a bayan ƙyauren zaure. Malam Saminu ya gyara tsayuwa ya yi ta yi wa ƙyauren bayani, tun daga turmi har zuwa wasiyya. In ya numfasa sai ƙyauren ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba." Yana cikin haka Manaja ya dawo daga majalisa.

"Malam Saminu, ai na ɗauka godiya ka zo yi. Ɗakin nan da duhu na same shi. Yanzu fa?"

"Na ce maka ina neman haske?"

"A Kaduna masu hali takanas suke sa a huda musu rufi."

"Su ma tsofaffinsu suna wasiyya?"

"Wannan kuma tsufa ne, ba ya cikin aikinmu."

"Duwatsuna da ka zubar fa?"

"Shara ce."

"Sharar nan ita take riƙe da gidan tun kana tsumman goyo."

Malam Saminu ba mai ɗaga murya ba ne. Ya dai jingine babur, ya cire hula ya ajiye a kan sirdi, ya fara naɗe hannun riga a hankali. Naja'atu tana kallo ta tsagar ƙyaure, ta ga hannun mijinta ya tashi sama.

"Kamfani zai ɗauki nauyi."

Ya shigo ya ɗauki guduma. Kafin magariba madafa ba ta da rufi, rumfar awaki ma haka. Aka ɗaure fallayen kwanon a bayan babur, Malam Saminu ya tafi yana kaɗawa kamar zai tashi sama. Tun daga ranar Naja'atu take girki a fili, shaho yana ganin har cikin tukunyarta.

"Ki lura da iska," in ji Bilya. "Hayaƙi ya daina damun ki. Ba ki gode ba."

"Na gode," in ji ta.

Na uku a Nasarawan Doya ne, ƙasar Makarfi, kuma mai gidan bai ma san an ɗauko shi ba. Wani ɗansa ne, Huzaifa, da ke aiki a birni, ya kira Bilya a waya ya ce yana so a ba tsohonsa mamaki. Tsohon, Malam Abdulrahman, zaurensa na ƙasa ne, rufin soro irin na da, wanda ake sake yaɓewa kafin kowace damina. Masu wucewa sun tsaya sun gaya wa Bilya cewa wannan ƙasa ce.

"Inji ba ruwansa da ƙasa ko kwano," in ji shi. "Dauɗa yake nema."

Indararo ya fara zubo da wani abu mai kauri kamar kunun kanwa. Manaja ya leƙo ya nuna wa jama'a, ya ce ku dubi abin da bawan Allah yake kwana a ƙarƙashinsa. Ya ƙara wuta. Dauɗar ba ta ƙare ba, sai ƙaruwa take yi, shi kuma ya rantse sai ya ga ƙarshenta. Ya kuwa gani. Malam Abdulrahman yana zaune cikin zaure yana shan fura, sai ga ƙafa da takalmin ruwa ta leƙo tsakanin azara daidai saman kansa. Tsohon ya rufe ƙwaryarsa da faifai, ya ɗaga kai.

"Sannu da aiki," ya ce wa ƙafar.

Wannan karon ba a kai ga sashen koke ba. Tun ƙafar tana ciki Manaja ya sanar daga sama cewa kamfani zai ɗauki nauyi. Rufin zauren Bilya ya tafi Nasarawan Doya, na turakarsa ya bi baya. Ya kwaso kayansa ya dawo ɗakin Naja'atu, ya ce na ɗan lokaci ne, kafin kamfani ya gina bene.

Ɗakin nan shi kaɗai ya rage da rufi a gidan, kuma duk abin da Naja'atu ta mallaka yana cikinsa: gadonta, katifarta, da kwanukan jeren da mahaifiyarta ta tara mata ɗaya bayan ɗaya da sana'ar ƙuli-ƙuli tun tana ƙarama. Ta san rufin nan kamar tafin hannunta, don shi take kallo kullum in ta kwanta. Tsohon kwano ne na gwanjo, kwalta ce take riƙe da mutuncinsa, kamar na Malam Saminu. Gabas kuwa kullum da yamma sai ta haɗa gira, hadari yana taruwa.

Koke bai ƙare ba. Kwanon da aka kai Kudan hujin ƙusarsa bai zo daidai da katakon ba. Na Nasarawan Doya an rasa inda za a buga shi a kan ginin ƙasa, yana jingine awaki suna shan inuwa. Hajiya Adama ta ce sabuwar randar ba ta sanyaya ruwa kamar tata. Ranar kasuwar Ikara suka haɗu su ukun ba tare da shiri ba, suka ji labarin juna, suka wuce tare ƙofar gidan mai unguwa, Malam Jumare.

Mukarrama ce ta kawo wa Naja'atu rahoton ta kan katanga. Ta ce Manaja ya je da tabarau, sai da aka ce ya cire.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ba laifin inji ba ne. Rufin mutanen nan ne marasa lafiya, inji ya dai fito da ciwon fili. Rufi mai kyau ba abin da zai same shi."

"Ina za mu samu mai kyan mu gwada?" in ji mai unguwa.

"A gidana, ranka ya daɗe."

"Da saura?" in ji Malam Saminu.

"Akwai na ɗakin iyali. Gobe da hantsi a zo, zan wanke shi a gaban kowa. In ya huje, a kwashe shi a raba musu. In bai huje ba, kowa ya janye bakinsa daga kan kamfani."

Mai unguwa ya yarda. Mukarrama ta ce a ganinta ba don shari'a ya yarda ba, shi ma so yake ya gani.

Da Bilya ya dawo, Naja'atu ta kawo masa tuwo, ta zauna gefe tana murza bakin zaninta. Ta daɗe tana tattara maganar kafin ta fito.

"Da dai an bari sai bayan damina. Kayana suna ciki. Kwanon nan kuma akwai kwalta."

Tun da aka kawo ta gidan bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ya ajiye loma ya dube ta da tausayi.

"Naja, ke mai karɓar koke ce, ba mai kawo shi ba."

Da safe 'yan garuwa suka cika duro a tsakar gida. Manaja ya zura tiyon da inji yake zuƙar ruwa da shi a ciki, ya kafa tsani a jikin ɗakinta, ya fita sayo fetur da karɓo rigarsa wurin mai guga. Naja'atu ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon duro. Ta dubi sama, ta dubi gadonta. Sai ta durƙusa ta jawo langar nan daga ƙarƙashin gado. Ta jiƙa kanwa mai yawa, don kowace mace ta san kanwa ce take tayar da yauƙi. Ta juye garin kuɓewar duka a cikin duro, ta bi shi da ruwan kanwa, ta sa muciya ta tuƙa har sai da ta ji ruwan ya fara riƙe muciyar. Ta mayar da murfi, ta koma ɗaki ta yafa mayafi.

Jama'a suka cika gidan, tunda zaure marar rufi ba ya tare kowa. Aka kawo wa mai unguwa kujera. Malam Saminu ya zo, Malam Abdulrahman ya zo da sandarsa, Hajiya Adama ta zauna kusa da ƙofar Naja'atu. Manaja ya fito cikin riga mai karin guga, ya tsaya gindin tsani ya cika ƙirji da iska.

"Za a hau!" in ji shi. "Mata a kintsa, za a hau!"

Bai taɓa faɗa ba sai yau, ya kuwa yi ta maimaitawa. Matan unguwa suka ji, suka kintsa, suka yafo gyale suka zo kallo.

Ya ja igiya, inji ya kama. Ya hau tsani riƙe da bakin tiyo, ya juyo ya ɗaga wa jama'a hannu, ya auna rufin. Ɗan ruwan da ya kwana a tiyo ya fito ya jiƙa gefen kwano. Daga nan muryar inji ta sauya, ta koma kamar ta tsoho mai tarin sanyi. Wani abu kore-kore ya leƙo daga bakin tiyo, ya miƙe a hankali, ya yi ta sauka kamar igiya har ya taɓa ƙasa, bai tsinke ba.

"Manaja," in ji mai unguwa, "wannan wane irin ruwa ne?"

"Sabulu ne na waje, ranka ya daɗe. Injin ne yake haɗa abinsa in ya ga babban aiki."

Ya sauko ya murɗa wuta har ƙarshe, ya koma sama. Inji ya yi ta kakari yana rawa a ƙasa. Tiyo ya kumbura daidai inda aka taɓa ɗaure shi da robar taya, ya ƙara kumbura, mutanen da ke kusa suka ja baya. Sai ya fashe. Abin ya wanke tsani daga sama har ƙasa, ya wanke riga mai karin guga, ya rufe tabarau. Manaja ya kai hannu zai kama matakala, hannun ya wuce. Ya sauko a zaune, yana gaisawa da kowace matakala da mazaunansa, ƙasa ta karɓe shi ta tura shi gaba, bai tsaya ba sai a gaban kujerar mai unguwa. Inji ya yi baƙin hayaƙi, ya yi shiru.

Hajiya Adama ta miƙa hannu ta dangwalo abin daga jikin tsani, ta murza tsakanin yatsu, ta ja shi ta ga tsawonsa, ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe.

"Kuɓewa ce," in ji ta. "Har da kanwa."

Ta juya a hankali ta dubi Naja'atu. Naja'atu tana kallon yatsun ƙafarta. Hajiya ta ɗan jima tana dubanta, sannan ta goge hannu a gefen zani ta fuskanci jama'a.

"Tawa ce. Tun ranar nan injin ya haɗiye ta, yau ya amayo."

"In haka ne a matsa daga gabansa," in ji Malam Saminu. "Duwatsuna suna tafe."

"Ni ƙasata na bar masa," in ji Malam Abdulrahman. "Kada ya wahalar da kansa."

Dariyar da aka riƙe tun safe ta ɓalle, har matan da ke bakin katanga suna dafa juna. Mai unguwa ya jira aka lafa. Ya yanke cewa a kai injin wurin bakanike a sayar da abin da ya rage na jikinsa, a kira kafinta da magini su gyara wa mutane gidajensu. Bilya kuma, daga yau, kada a sake ganinsa a kan abin da ya fi turmi tsawo.

Manaja ya cire tabarau, yauƙi ya biyo shi daga fuska.

"Ranka ya daɗe, amma a shaida, rufin bai huje ba."

Mai unguwa ya ɗaga kai ya duba.

"Bai huje ba."

"To alhamdu lillahi," in ji Bilya. Ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna, sai da aka miƙa masa sandar Malam Abdulrahman.

Bayan la'asar gabas ta cika alkawari. Ruwan farko ya sauko da ƙarfinsa, ya shiga zaure, ya shiga turaka, ya cika murhun madafa. Awaki suka taru a ƙofar ɗakin Naja'atu suna leƙe. Ta jawo murhun gawayi bakin ƙofa ta kaɗa miyar kuka. Bilya yana zaune a kan gadonta, a kan gefe ɗaya na jikinsa, yana bin rufin da kallo daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Kin gani ko? Ko ɗigo. Rufin kamfani ke nan. Kuma gaban mai unguwa aka shaida."

"Na gani."

"Injin nan hannu aka sa masa. Mutanen Kudan ne, tun ranar na ga take-takensu. Zan gano ko wane ne." Ya leƙa kwanon miya. "Yau ma kuka? Ba sauran kuɓewa a gidan nan?"

"Ta ƙare," in ji ta.

Da ruwa ya tsagaita ta fita zubar da toka. Mukarrama ta leƙo ta kan katanga, buhu a kanta.

"Ke Naja, don Allah, wai ya aka yi inji ya kaɗa miya?"

Naja'atu ta buɗe baki. Ta tuna Mukarrama tana da miji, mijin yana da majalisa, majalisar kuma a gindin darbejiya take, inda Manaja yake zama. Ta tuna mahaifiyarta, wadda za ta yi dariya har ta yi hawaye, sannan ta gaya wa duk Saulawa cikin sirri.

"Ikon Allah," in ji ta.

Ta ɗauko muciyar daga inda ta ɓoye ta a bayan duro, ta wanke ta tas a ruwan da ke zuba daga bakin kwanon ɗakinta, ta shiga da ita ciki ta jingine a bayan kwanukan jere.